Bakin Madam, Muryar Swarupa

Duk jarumar da kuka ga tana zazzaga wa azzalumi masifa a majigi da harshenmu, ku zo ku tambaye ni, ni Kalavati da na tsufa ina taje musu kai a Hyderabad. Rabinsu ko ruwan sha ba za su iya roƙa da Telugu ba. Daga arewa ake kwaso su saboda farar fata. A tsayar da yarinya gaban kyamara, darakta ya ce ta yi fushi, sai ta zare ido ta kama ƙirge da nata yaren, ɗaya biyu uku huɗu, don dai leɓe ya motsa. In an gama, a kulle wata baƙar yarinya tamu a ɗaki mai sanyi ta ɗora murya a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Swarupa, 'yar yayata Balamani, tana cikin kurayen. Ni na kawo ta birni, ni na kai ta ɗakin ɗora murya, don tun tana ƙarama in ta kwaikwayi mutum sai ka waiwaya kana neman shi. Ba a taɓa rubuta sunanta a jikin hoton fim ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Abin da ya fito da ita daga ƙauyenmu Chintavagu yashi ne. Ɗan majalisarmu Seshagiri yana da tifofi, birni kuma yana gini, sai ya sa su a rafinmu. Yashin nan shi ke riƙe mana ruwa da rani. Da aka yashe shi har dutse, rijiyoyi suka kafe ɗaya bayan ɗaya, mata suka koma tafiyar rabin yini da tulu a kai. Lingaiah, mijin Balamani, ya je ya kwanta a gaban tifa a kan hanyar rafi, yana zaton direba ɗan Adam ne. 'Yan sanda suka ce bammi ya sha ya faɗi a titi. Lingaiah fa, mutumin da ko warin bammi ya ji sai cikinsa ya juya!

Yayata ba ta daɗe tana kuka ba. Ana gama zaman makoki ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a gindin tsamiyar da ke daidai inda hanyar rafi ta matse, inda aka taka mijinta, ta zauna. Maƙwabciyarta Sayamma ta zo ta zauna, wasu suka biyo, har matan ƙauyukan gefe suka riƙa zuwa da ƙunshin shinkafarsu. Tifa ba ta iya wucewa sai ta bi ta kansu, zaɓe kuwa ya matso, Seshagiri ba ya son gawar mace a jarida. Ya aiko da zanin sari mai tsada, Balamani ta ɗaure wa akuya. Ya aiko da 'yan daba, mata suka tare su da garin barkono. Magana ta yaɗu cewa inda Balamani ta nuna, nan matan yankin za su dangwala. Ba ta da gona mai ruwa, ba ta da miji, matan nan kaɗai take da su. Ranar da suka naɗe tabarma, ranar tifa za ta dawo, jinin Lingaiah ya bi yashi.

Ana cikin haka aka yi fim ɗin nan, 'Yar Rafi. Labarin wata Chandrakka ce da minista ɓarawon yashi ya kashe wa uba, ta ɗaure bakin sari a ƙugu ta bi yaransa da lauje har ta durƙusar da shi a gaban jama'a. Jarumar Simrat ce, muna ce mata Madam, ni ce mai gyara mata gashi. Ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Kanta ne dai fayau kamar sabuwar tukunya.

Swarupa aka ba muryarta. Ranar da aka zo wurin babbar maganar ƙarshe ina nan, na kai mata abinci. Ta karanta abin da aka rubuta, ta cire abin sauraren da ke kunnenta.

"Darakta garu, ka yi haƙuri," ta ce, don garu muke liƙa wa sunan babba a harshenmu. "Ba macen da aka kashe wa uba da za ta yi magana haka. Wannan ai kamar mai neman aiki ce."

Darakta ya gaji, ya ce, "To malama, faɗi naki mu ji."

Ta rufe ido. Abin da ya fito ba nata ba ne, na uwarta ne, kalma da kalma, da irin harshen ƙauyenmu da 'yan birni ke yi wa dariya. "Ka cinye yashinmu, ka shanye ruwanmu, to buɗe bakin in zuba maka tokar mamacinmu ka cika cikin!" Darakta ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Aka zubar da rubutunsa, aka bar ta ta yi ta kwaso maganganun gindin tsamiya tana cusawa a bakin Madam.

Fim ya fita, gari ya kama da wuta. A ƙofar kowace sinima aka kafa hoton Madam na katako, tsawon giginya, samari suka hau tsani suna kwarara masa madara daga ka, ana fasa kwakwa a ƙafarsa. A garin da muke zuwa kasuwa ma haka aka yi, madara tana bin kwata, mata na wucewa da tulunan da babu ruwa.

Matan gindin tsamiya suka raba kansu biyu, rabi su tsare hanya, rabi su hau bayan tarakta su je kallo. Suka dawo ido jajawur, suna ta maimaita maganar toka. Balamani ta ji daɗi, karo na farko tun mutuwar mijinta, ta ce musu, "Kun ji muryar nan? Ta Swarupata ce."

Sayamma ta kwashe da dariya, ta kira ta yadda muke kiran yaya. "Haba Akka! Da idonmu muka ga bakin matar yana motsi. Gani ya kori ji."

"Maganar ma ai tawa ce. A nan na faɗe ta, kina zaune."

"Eh to, kin faɗi mai kama da ita. Amma ji yadda ta fita a bakin Chandrakka, har tsigar jikina ta tashi!"

Daga ranar suka laƙaba mata Chandrakkarmu, wai yabo ne. Yayata ta zama kwaikwayon maganar bakinta. Ta haɗiye, don dai suna zuwa suna zama.

Da aka buɗe yaƙin neman zaɓe, sai manajan Madam ya zo da labari. Wani ɗan majalisa ya ɗauke ta ta zagaya masa mazaɓa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, kowane ɗan takara yana neman fuskar majigi ya tsayar a gefensa. Matsala ɗaya, jama'a Chandrakka suke so su ji, Madam kuwa bayan gaisuwa ba ta da kalma. Sai aka yi dabara. Motar kamfen tana da dandamali a sama, tana da ɗan ɗaki a ciki mara taga. Madam za ta tsaya a sama da mataccen makirufo manne da baki, Swarupa tana ciki da mai rai. Ita ta yi magana, Madam ta bi ta da leɓe da hannu.

Da na ji sunan ɗan majalisar, Seshagiri, na tofar da yawu. Na koma ɗakinmu na tarar da Swarupa tana haɗa kaya.

"Kin ce musu me?" na tambaye ta.

"Na ce to."

"To? Wanda ya taka ubanki? Ke, wace irin kunya ce aka manta ba a haife ki da ita ba?"

"Pinni, zauna." Haka take kirana, inna ƙarama, uwarta kuma Amma take ce mata. "Matan nan ba sa jin Amma kamar yadda suke jin Chandrakka. Kin gani, na gani. Zaɓe na zuwa, za a raba sari, za a raba shinkafar biriyani, wasu za su karaya. To Chandrakka da kanta za ta zo har bakin rafi ta kira sunansa, ta faɗi abin da ya yi, yana tsaye a gefenta. Makirufo a hannuna yake."

"Yarinya, mutumin nan ya girmi fim ɗinku."

"Shi ya sa bai san ƙarfinsa ba."

Ban iya hana ta ba. Wa ya taɓa hana jinin Balamani abin da ya sa kai?

Chintavagu tana can tsakiyar zagayen, kafin a kai ta sai an bi ƙauyuka da yawa, kuma a kowanne dole Swarupa ta karanta abin da aka ba ta don kada a kore ta tun da wuri. Ina sama a bayan Madam da lema da mataji, ina jin muryar 'yar Lingaiah tana fita ta lasifika tana cewa Seshagiri garu uba ne ga maraya, rijiya ne ga mai ƙishi. Rijiya fa! In mota ta tsaya sai in sauka in same ta a bayan taya tana amai. In ba ta ruwa ta kuskure baki, ta koma ciki.

Samari sun ɗauki abin a waya, ya isa gindin tsamiya tun kafin mu isa. Swarupa ta yi ta kiran uwarta, ba ta ɗauka. Ana gobe taron ƙauyenmu na hau babur ɗin haya na je da kaina. Na tarar da yayata ta rame, tana tsince tsakuwa a shinkafa. Na ja ta gefe na faɗa mata komai.

Na zaci za ta saki fuska. Sai ta ce, "Ki ce mata ta koma birni."

"Akka, don ke take yi."

"Kalavati, matan nan ba da daɗin baki na riƙe su ba. Da baƙin ciki na riƙe su. Kullum suna kwana da shi, suna tashi da shi, shi ke kawo su nan. Ki ce mata kada ta taɓa min shi."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Swarupa ta ce Amma ta gaji ne, gobe za ta gane.

A cikin rafin aka yi taron, a kan busasshen dutsen da tifofi suka bari, rana tana dukan tsakar ka. An kafa hoton Madam riƙe da lauje, an kafa na Seshagiri a gefensa yana haɗa tafuka. An ɗaura lasifika a kowane turken lantarki har zuwa kusa da tsamiya. Daga saman mota ina hango su, matan Balamani, suna tashi bibbiyu da uku-uku, wai su leƙa Chandrakka su dawo. Kafin a gama kiɗa, ba kowa a kan tabarmi sai ita.

Seshagiri ya yi nasa jawabin, farin kaya kamar ba ya taka ƙasa. Sannan ya juya ya nuna Madam. Aka yi ihu. Madam ta ɗaga mataccen makirufonta.

Sai muryar ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Iyayena mata na Chintavagu, ku dubi inda kuke tsaye. Nan muke wanka muna yara. Wa ya cinye shi?"

Jama'a suka nutsu.

"Akwai wani mutum a garin nan, Lingaiah. Ubana ne. Bai taɓa kai bammi bakinsa ba. Ya kwanta a hanya don ku sha ruwa, aka yi waya aka ce wa direba ya wuce. Kun ga abin da aka kwashe a tabarma. Kun san mai tifar, kun san wanda ya yi wayar. Ga shi nan tsaye cikin farin kaya. Seshagiri!"

Madam ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ta san wannan sautin, ta yi wata guda tana maimaita shi gaban kyamara. Sai jikinta ya kama aiki da kansa. Ta cusa bakin sari a ƙugu, ta fizge igiyar da na ɗaure mata gashi da ita, ta zare ido. Da ta ji sunan da ta sani, ta juya ta nuna Seshagiri da yatsa daidai hancinsa, kamar yadda ta nuna ministan fim.

"Ka cinye yashinmu, ka shanye ruwanmu, to buɗe bakin in zuba maka tokar ubana ka cika cikin! Duk macen da ta ba ka ƙuri'a, ta sha jinin Lingaiah!"

Na rantse da Pochamma, allahiyar ƙauyenmu, na ɗauka dutse zai fara sauka. Na kare kaina da lema.

Fito ne ya tashi. Fito da shewa da tafi, irin na ranar farko a sinima. Samari suka yayyaga takardun kamfen suka watsa sama kamar yadda suke yi in jarumi ya fito. Mata na kuka suna dariya, Sayamma tana dukan ƙirji tana cewa, "Har Lingaiah ɗinmu ta sani! Har shi ta sani!" Can baya wani ya ɗaga murya, "A sake!" Nan da nan rafin gaba ɗaya ya ɗauka. "A sake! A sake!"

Yaran Seshagiri biyu suka ruga za su tsinke waya. Ya ɗaga musu yatsa ɗaya, suka tsaya. Na ga fuskarsa kusa da kusa. Bai yi gumi ba. Ya dubi taron kamar mai sayen shanu yana duba garke, sannan ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai. A hankali, da wannan ƙaton cikin nasa, ya durƙusa a kan dandamali ya taɓa ƙafafun Madam da hannu biyu, ya kai hannun idanunsa.

Wayyo, ku ji rafi! Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Madam ta rikice, ta waiwayo ta dube ni, sai ta tuna yadda aka yi a fim, ta ɗora masa hannu a ka.

Ya tashi ya karɓi makirufonsa, murya na rawa. "Iyayena, kun ji. Ƙanwata Chandrakka ta wanke ni a gabanku. Wane ɗan siyasa ne zai kawo mai zaginsa a motarsa ya tsaya ya saurara? Ni na kawo ta, don na san ɗa ba ya girma a gaban uwa. Yarana sun yi kuskure, ban tsawata ba, laifina ne. Ɗan'uwana Lingaiah, ka yafe mini! Daga gobe tankar ruwa za ta zo ƙofar kowa. Gunkin Lingaiah kuma ni zan kafa shi da hannuna."

Daga ciki Swarupa ta fara ihu, "Ƙarya yake! Uwata tana gindin..." Sai kiɗan fim ɗin ya danne ta, mai kula da sauti ya kashe nata layin. Waƙar ƙarshe suka sa, wadda ake sawa in sunaye sun fara hawa majigi. Mu kuwa tun muna yara mun san abin da ake yi in jaruma ta yi magana, azzalumi ya durƙusa, wannan kiɗan ya tashi. Kowa ya karkaɗe zaninsa, ya share hawaye, ya nufi gida da zuciya wasai. Aka bi layin biriyani, samari suka hau tsani da bokitin madara, wannan karon har hoton Seshagiri ya samu rabonsa.

Na sauko da gudu. Na tarar ya riga ni, ya buɗe ƙofar ɗan ɗakin da kansa. Swarupa na zaune a ƙasa jiƙe da gumi, makirufo a cinyarta.

"'Yar Lingaiah," ya ce da ita, da murmushi. "Kin wahalar da ni. Tun ƙauyen farko nake jira, na ce yarinyar nan sai yaushe za ta yi? Ashe gida kike tanadar wa. Kin kyauta, nan ya fi dacewa."

Idon Swarupa ya yi girma.

"Kina zaton zan sa mutum a cikin motata ban san ubansa ba?" Ya juya ga mai kula da sauti. "Ka naɗa?"

"Tsaf, ranka ya daɗe."

"To ki huta, 'yata, kin gama aikinki." Ya miƙa hannu aka ba shi mayafin karramawa, irin wanda ake yafa wa manyan baƙi a kan dandamali. Ya yafa mata a kafaɗa, ya gyara mata shi da kyau. "Ki gai da Balamani. Ki ce rana ta yi yawa ga mai shekarunta."

Na tsaya da lema a hannu kamar gunki har ya shiga motarsa.

Da yamma matan suka koma gindin tsamiya, ba zama suka je yi ba, tabarminsu suka je ɗauka. Ina nan tsaye.

"Ina za ku?" Balamani ta tambaye su.

"Akka, ai an gama," in ji Sayamma. "Ba ki ji ba? Har ƙasa ya durƙusa. Ya kira sunan mijinki ya nemi gafara. Me kuma kike so, sai kin ga jininsa?"

"Rafin ya dawo?"

"An ce tanka za ta zo."

"Yashin fa? Direban fa?"

"Kai, Akka, ke dai ba a iya miki! Abin da muka yi wata da watanni muna nema, Chandrakka ta zo ta yi shi a yini ɗaya. Ko haushi kike ji ba ke kika durƙusar da shi ba?"

Wata daga baya ta ce, "Bar ta, ta saba da zama a gaba ne." Suka yi dariya, suka naɗe tabarmi. Wata ma ta bar mata ƙunshin biriyani a gefe, don tausayi.

Sauran zagayen ba a nemi Swarupa ba. A kowane ƙauye sai a kunna naɗin, Madam ta fizge gashinta ta nuna yatsa, muryar Swarupa ta kira ubanta, Seshagiri ya cire tabarau ya durƙusa. Wata rana sau huɗu yake durƙusawa, har aka saya masa ɗan matashi na gwiwa. Ni ce nake sake ɗaure gashin tsakanin ƙauye da ƙauye. Jama'a suka riƙa bin motar daga gari zuwa gari don su sake gani, suna faɗin maganar tare da lasifika, suna fito daidai wurin toka. Ya ci zaɓe da ratar da bai taɓa samu ba, akwatin mata ya fi ba shi.

Tanka ta zo har ranar ƙuri'a, daga nan ta ɓata hanya. Gunki kam ya cika alkawari. Na siminti ne, a bakin hanyar rafi, an rubuta Lingaiah a ƙasa. Mai sassaƙar bai taɓa ganin Lingaiah ba, sai ya yi fuskar ɗan wasan da ya fito a uban Chandrakka. Mutanen gari suka ce ya ma fi kyau.

Tifofi suka dawo, sun gano sauran yashi can sama da ƙauye. Mace ɗaya ba ta tare hanya, sai suka ɗan kauce ta gefen tabarmarta suna bule ta da ƙura. Direbobin duk suna da naɗin a waya, sun haɗa da lasifikar mota. In sun zo daidai tsamiya sai su ƙara sauti, su danna ham daidai wurin da ake fito.

Swarupa ta yi makonni a ɗakina ba ta fita, furodusoshi na ta kira, yanzu kowa ita yake so. Daga ƙarshe ta ce in raka ta gida. Muka sauka a bakin titi muka taka zuwa tsamiya. Balamani na nan zaune ita kaɗai, ƙura ta yi mata fari a gashi. Ta ɗago ta ga 'yarta, na ga hannunta ya motsa kamar zai miƙa.

Swarupa ta durƙusa a gabanta, ta ce, "Amma."

Yayata ta zabura kamar an ɗora mata garwashi. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Daidai lokacin wata tifa ta taho, muryar na tashi daga cikinta, "Ubana ne, bai taɓa kai bammi bakinsa ba," yaran mota a saman yashi suna amshi suna dariya. Muka jira ta wuce, ƙura ta lafa.

Balamani ta sauke hannu. Ba ta dubi 'yarta ba, ni ta duba.

"Kalavati, ki ce mata ta shiga gida ta ci abinci, ta rame. Ba korarta nake ba. Amma muryar nan ba zan iya ba, kullum da ita ake taka min miji. In tana da magana ta faɗa miki a kunne, ke ki faɗa min."

Swarupa ta buɗe baki, ta rufe. Ta matso ta kama kafaɗata, ta raɗa min. Na juya na dubi yayata, na ce da wannan tsohuwar muryar tawa mai kama da ta agwagwa, "Ta ce ki yafe mata, Akka."

"Ki ce mata na ji," in ji Balamani, ta gyara zama, don ga wata tifar nan tafe.